Raɗa wa Adadi Suna: Tarihin Shelar Mazubi, Kafaffe da Jeri a Harsunan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

1. Gabatarwa

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin rajista ya san cewa ba a ajiye takarda sai an buɗe mata fayil. Kafin wasiƙa ta shiga, sai an rubuta wa fayil ɗin suna da lamba, an ƙayyade irin takardun da za su riƙa shiga cikinsa, sa'an nan a nuna masa gurbinsa a kan kanta. Akawun da ya yi sakaci da wannan ƙa'ida, ko ba jima ko ba daɗe sai ya jefa takardar fanshon wani a cikin fayil ɗin hutun wani.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda aka fi sani da kwamfuta, ita ma tana da rajistarta. Rumbunta gurabe ne masu ɗimbin yawa, kowanne da lambarsa, kuma a cikinsu take ajiye duk abin da take lissafi da shi. Mai rubuta mata shiri, watau jerin umurnin da za ta bi, yana amfani da abubuwa uku. Na farko shi ne mazubi: gurbi mai suna wanda abin da ke cikinsa yake sauyawa, kamar albashin ma'aikaci. Na biyu shi ne kafaffe: adadi mai suna wanda ba a yarda a taɓa shi ba, kamar yawan watannin shekara. Na uku shi ne jeri: abubuwa da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar sunayen ma'aikatan sashe guda. Shela kuwa ita ce bayanin da mai rubutu yake gabatarwa tun da fari, cewa ga sunan da zai yi aiki da shi, ga irin abin da zai ɗauka, ga kuma girmansa.

Abin da wannan lacca za ta bi diddiginsa shi ne wata gardama da ta haura shekara 60 ana tafka ta: shin wajibi ne a tilasta wa mai rubutu ya yi wannan shela, ko kuwa a ƙyale na'ura ta yi masa kirdado? Gardamar ta yi kama da ta masana a cikin ɗaki, amma sakamakonta ya taɓa albashin mutane, da asusun bankuna, da rokar da ta tarwatse a sararin sama.

2. Kafin zuwan na'ura

Tunanin ba wa adadin da ba a sani ba suna ya girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu. Wajen shekarar 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa na aljabara. Bai yi amfani da alamomi ba, da kalmomi yake lissafinsa. Adadin da ake nema ya kira shi "shai'un", watau abu, in kuwa an ninka shi da kansa sai ya kira shi "malun", watau dukiya. Babban ɓangare na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, irin matsalolin da malaman fara'ili suke warwarewa har yau. Ke nan tun asali, dalilin raɗa wa adadi suna shi ne gudun kada haƙƙin wani ya salwanta a cikin lissafi.

A shekarar 1591 wani lauya Bafaranshe, Faransuwa Biyet, ya zo da dabarar amfani da haruffa: wasula su tsaya a madadin abin da ake nema, baƙaƙe kuwa a madadin abin da aka sani. A 1637 Rene Dekart ya sauya tsarin zuwa wanda 'yan makaranta suka sani, inda x da y da z suke wakiltar abin da ba a sani ba, a da b da c kuwa abin da aka sani. Abin lura a nan shi ne, siffar harafin ita ce take faɗin matsayinsa, ba sai an yi wani bayani dabam ba. Wannan al'ada za ta sake ɓullowa bayan shekara 300.

A Ingila, Cales Babej ya tsara wani injin lissafi mai hakoran ƙarfe wanda bai samu kammala ƙera shi ba. Ya raba shi gida biyu, rumbu da maniƙa. A 1843 Ada Labules ta buga bayani a kansa, inda ta nuna yadda zai bi mataki bayan mataki ya fitar da wasu adadai, ta kuma lakaba wa ginshiƙan rumbun sunaye, V1, V2, V3, har zuwa gaba. A nan ne ma'anar ta soma sauyawa. A wurin mai aljabara, x adadi ne guda wanda ake nema. A wurin mai inji kuwa, V1 wuri ne, abin da ke cikinsa yanzu dabam, wanda zai shiga an jima dabam. Bayan shekara ɗari, wani injiniya Bajamushe, Konrad Zuse, ya tsara harshe mai suna Plankalkül a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya bambanta mazubin shigarwa, da na tsakiyar aiki, da na sakamako. Amma ba a buga aikin cikakke ba sai 1972, lokacin da wasu suka riga suka sake gano hanyar da kansu.

3. Zamanin lambar gurbi

Na'urorin lantarki na farko ba su san suna ba, lamba kaɗai suka sani. EDSAC, wadda Moris Wilkis da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Kambirij, ta gudanar da shirinta na farko ranar 6 ga Mayu, 1949, kuma rumbunta a farko gurabe 512 ne kacal. Mai rubuta shiri a wancan zamani sai ya riƙe takarda a gefe, yana rubutawa cewa gurbi kaza jimla ce a ciki, gurbi kaza kuma yawan kwanaki. Idan ya manta ya zuba sabon abu a gurbin da ke ɗauke da wani, na'ura ba za ta ce uffan ba, sai dai amsa ta fito ba daidai ba. Idan kuma ya cusa sabon umurni a tsakiyar shiri, lambobin da ke ƙasa duk sai su goce, a koma gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan wahala ce ta haifar da tunanin cewa ita na'urar ya kamata ta riƙe rajistar. Mutum ya rubuta suna, wani shiri na musamman ya mai da sunan lambar gurbi. Shirin da ke juya rubutun mutum zuwa harshen na'ura shi za a riƙa kira tafinta a cikin wannan lacca.

4. FORTRAN da kirdadon harafin farko

A 1954 Jon Bakus da wata 'yar ƙungiya a kamfanin IBM suka soma aikin harshen FORTRAN, suka kuma miƙa tafintansa ga masu na'urar IBM 704 a 1957. Burinsu shi ne injiniya ko masanin kimiyya ya rubuta lissafinsa kusan yadda yake rubuta shi a kan allo. Ita 704 tana ajiye adadi iri biyu, cikakke da kuma mai gutsure a bayan ɗigo, kuma kowanne da irin umurnin da ake sarrafa shi da shi. Saboda haka dole tafinta ya san irin kowane mazubi. Maimakon su ce a yi shela, sai suka bi sawun Biyet da Dekart. Sunan da ya fara da I, J, K, L, M ko N na cikakken adadi ne, saboda haruffan da masana lissafi suka saba ƙirga da su ke nan. Sauran sunaye duka na adadi mai gutsure ne. Suna kuma ba ya wuce haruffa 6. Jeri kaɗai aka wajabta wa shela, da kalmar DIMENSION, domin tafinta ba shi da yadda zai san yawan guraben da zai keɓe.

Tsarin ya yi sauƙi, jama'a kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma sauƙin yana tafe da tarko iri biyu. Alal misali, a ce wani ya kira mazubinsa KUDI. Da yake sunan ya fara da K, cikakken adadi kaɗai zai ɗauka, saboda haka in aka zuba masa Naira 12 da kwabo 75, sai kwabban su zube, 12 ta rage, ba tare da wani gargaɗi ba. Tarko na biyu ya fi wannan muni. Wanda ya kira mazubinsa HARAJI, sa'an nan yatsansa ya zame a wani layi ya buga HARAJA, tafinta ba zai ga kuskure ba. Zai ɗauka sabon mazubi ake so, ya buɗe shi, lissafi ya ci gaba da abin da babu wanda ya zuba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na waƙafi da ɗigo. Umurnin DO 10 I = 1,10 yana nufin a maimaita wani aiki sau goma. In aka buga ɗigo a wurin waƙafi, ya zama DO 10 I = 1.10, to, da yake FORTRAN ba ya kula da sarari tsakanin haruffa, sai tafinta ya karanta shi a matsayin sabon mazubi mai suna DO10I wanda aka zuba wa 1.10, aikin kuwa a yi shi sau ɗaya tak. An sha danganta wannan kuskure da asarar kumbon Mariner 1 a 1962, amma dalilin waccan asara dabam ne. Inda aka tsinci irinsa shi ne a wani shirin lissafin falaki na aikin Mercury na Amurka, aka kuma gyara shi bai yi ɓarna ba. Da a ce harshen ya wajabta shela, da tafinta ya tsaya nan take ya ce bai san wani DO10I ba. An ƙara wa FORTRAN kalmomin shela irin su INTEGER da REAL a farkon shekarun 1960, amma umurnin IMPLICIT NONE, wanda ke soke kirdado baki ɗaya, bai shiga ƙa'idar harshen ta duniya ba sai a Fortran 90.

5. ALGOL da COBOL: masu wajabta shela

A watan Janairu na 1960 masana 13 daga Turai da Amurka suka taru a birnin Faris, Bakus na cikinsu, suka fito da harshen ALGOL 60, wanda Pita Nawur na ƙasar Denmak ya tsara rahotonsa. Hukuncinsu a kan wannan batu ba shi da sassauci: duk mazubi sai an shelanta shi da irinsa kafin a taɓa shi. Sun kuma kawo wani sabon abu, watau iyaka. Shiri yana rabuwa sassa-sassa, kuma mazubin da aka shelanta a cikin sashe, a nan yake rayuwa, a nan yake mutuwa. Ta haka mutum biyu za su iya aiki a kan shiri ɗaya, kowa ya yi amfani da sunan da ya ga dama, ba tare da wani ya zuba a mazubin wani ba. ALGOL bai samu kasuwa irin ta FORTRAN ba, amma yawancin harsunan da suka biyo baya daga gare shi suka gaji wannan tsari.

Ta fuskar ofisoshi da bankuna kuwa, wani taro da aka yi a Ma'aikatar Tsaron Amurka a watan Mayu na 1959 shi ya haifar da COBOL, wanda ya ɗebi abubuwa da yawa daga aikin Gires Hofa. Wannan harshe ya ware wa shela babi guda sukutum, kafin a kai ga babin umurni. Suna yana iya kai haruffa 30, kuma ana zana siffar kowane mazubi filla-filla da kalmar PICTURE. Wanda ya rubuta 9(5)V99 ya ce ke nan lambobi biyar kafin ɗigo, biyu bayansa, daidai da Naira da kwabo. Duk wanda ya taɓa cika fom mai akwatuna, harafi ɗaya a akwati ɗaya, ya san wannan tunani.

Sai dai a nan ne aka koyi cewa yin shela dabam, yin ta daidai dabam. Katin da ake hudawa a shigar da bayani gurabe 80 ne da shi, rumbu kuma yana da tsada ƙwarai. Saboda haka sai aka saba shelanta shekara da lambobi biyu, 1968 ta zama 68. Masu yin haka ba wawaye ba ne, tattali suke yi, kuma ba su zaci shirin nasu zai kai shekara 30 yana aiki ba. Wani masani, Bob Bema, ya yi gargaɗi a rubuce tun 1971, ba a saurare shi ba. Da shekarar 2000 ta gabato, sai aka ga cewa 00 za ta zama ƙasa da 99, lissafin shekarun ma'aikaci, da ruwan bashi, da ranar ritaya duk su rikice. Aka shiga bin miliyoyin layuka ana gyara, har aka kira tsofaffin ma'aikata daga ritaya. Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa a ƙasar kaɗai an kashe kimanin dala biliyan 100. Shekarar ta shigo ba tare da babbar ɓarna ba, kuma wannan gyara yana cikin dalilan haka.

6. Kafaffe

Harsunan farko ba su da hanyar raɗa wa kafaffen adadi suna yadda ba za a iya taɓa shi ba. Mai rubutu ko dai ya yi ta maimaita adadin a ko'ina, ko ya zuba shi a mazubi ya yi fatan kada wani ya sauya shi. A kan na'urori da yawa ma, tsohon FORTRAN yana da wani abin mamaki: idan aka miƙa wa ƙaramin shiri lamba 2, shi kuma ya ƙara wa abin da aka miƙa masa ɗaya, to, gurbin da aka ajiye 2 ɗin ne yake sauyawa, daga nan duk inda aka rubuta 2 sai na'ura ta yi aiki da 3.

Niklaus Wirt na birnin Zurik ya magance wannan a harshen Pascal, wanda ya fitar a 1970 don koyar da ɗalibai. Ya shimfiɗa tsari: kafaffu a ƙarƙashin const, sa'an nan ire-iren abubuwa a ƙarƙashin type, sa'an nan mazubai a ƙarƙashin var, kafin a rubuta umurni ko ɗaya. FORTRAN 77 ya biyo da kalmar PARAMETER. Harshen C kuwa bai samu const a ƙa'idarsa ba sai 1989.

Amfanin kafaffe biyu ne. Na ɗaya, tafinta zai hana a sauya shi bisa kuskure. Na biyu, wanda ya fi shafar aikin gwamnati, shi ne cewa abin da ake gani kafaffe yau doka tana iya sauya shi gobe. Kafin 1 ga Janairu, 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya a Nijeriya, sule 20 kuma fam ɗaya, sai aka wayi gari da Naira mai kwabo 100. Harajin VAT ya zauna a kashi 5 cikin ɗari tun 1994, sa'an nan ya koma 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Shirin da ya raɗa wa wannan adadi suna sau ɗaya a sama, layi ɗaya za a gyara. Wanda kuwa ya watsa lamba 5 a wurare ɗari, sai an bi kowace 5 an tantance ko ta haraji ce ko ta kwanakin aiki a mako, kuma guda ɗaya da aka tsallake ta isa ta ɓata asusu.

7. Jeri da iyakarsa

Jeri iri biyu ne a tarihin nan. Akwai mai ƙayyadadden tsawo, irin na FORTRAN, wanda gurabensa suke manne da juna kamar ɗakunan bariki. Akwai kuma mai miƙewa, wanda kowane abu a cikinsa yake riƙe da lambar gurbin na gaba da shi. Wannan na biyu Alan Nuwel da Kilif Sho da Habat Saimon suka soma aiki da shi wajen 1956, sa'an nan Jon Makati ya gina harshen LISP a kansa daga 1958 a cibiyar MIT. A LISP ba a faɗin tsawon jeri tun da fari. Yana girma yana raguwa, na'ura kuma tana bin baya tana tattara guraben da aka daina amfani da su.

Game da mai ƙayyadadden tsawo, an yi saɓani a kan inda ƙirga za ta fara. FORTRAN daga 1 yake farawa, ALGOL da Pascal sun bar wa mai rubutu zaɓi, C kuwa daga 0, har Edsga Daikistira ya rubuta wata 'yar takarda a 1982 yana goyon bayan farawa daga sifiri. Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce: idan an shelanta gurabe 100, shiri ya nemi na 101, me zai faru? Toni Ho, wanda ya shugabanci rubuta tafintan ALGOL 60 a kamfanin Elliott na Ingila, ya sa na'ura ta riƙa duba iyaka duk lokacin da aka taɓa jeri. A laccar da ya yi a 1980 ta karɓar lambar yabo ta Turing, ya ba da labarin cewa daga baya sun tambayi masu sayen na'urarsu ko suna so a ba su damar kashe wannan bincike don ƙarin sauri, dukkansu suka ƙi. Pascal ya tsananta har ya mai da tsawon jeri wani ɓangare na irinsa, abin da ya sa ƙaramin shirin da aka rubuta don jeri mai gurabe 10 ba ya karɓar mai 20. Barayan Kanigan ya soki wannan a 1981, kuma sukarsa tana da tushe.

Denis Rici, wanda ya tsara C a ɗakunan binciken Bell wajen 1972, ya bi ɗaya hanyar. C yana son a shelanta iri da tsawo, amma ba ya duba iyaka, domin an yi shi ne don ƙwararru masu neman sauri a kan ƙaramar na'ura. Abin da ya zarce gurbin ƙarshe sai ya malala cikin na maƙwabta. Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin Jami'ar Konel, Robat Moris, ya saki wani shiri mai yaɗa kansa a intanet. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ya bi ita ce wani jeri mai gurabe 512 wanda ba a duba tsawon abin da ake zuba masa. An ƙiyasta cewa na'urori wajen 6,000 suka kamu, adadi mai yawa a intanet ɗin wancan lokaci. Bayan shekara 30 raunin yana nan: a 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaro da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa rumbu suke.

8. Mazubin da ya yi ƙaranci

Ranar 4 ga Yuni, 1996, aka harba rokar Ariane 5 karo na farko daga Kuru, a yankin Giyana na Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya. Cikin kimanin sakan 40 ta kauce hanya ta tarwatse. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Farfesa Jak-Luwi Liyons ya gano cewa shirin na'urar da ke auna motsin rokar, wanda aka rubuta da harshen Ada, ya yi ƙoƙarin juye wani adadi daga babban mazubi zuwa ƙarami wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. An gaji shirin ne daga Ariane 4, inda adadin ba ya taɓa kai haka. Sabuwar rokar kuwa ta fi saurin tafiya a kwance, sai adadin ya yi wa mazubin yawa. Na'urar ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma ta tsaya, domin shiri ɗaya ne a cikinsu.

Ada harshe ne mai tsananta shela, kuma ya yi aikinsa, tun da ya gane cewa adadin bai shiga ba. Masu shirin ma sun san wurare bakwai da haka za ta iya faruwa, suka kare huɗu, suka bar uku don rage wa na'ura nauyi, bisa hujjar da take daidai a kan tsohuwar roka. Wannan da batun shekarar 2000 ciwo ɗaya ne. Girman mazubi hasashe ne da wani ya yi game da duniya a ranar da ya rubuta shi, kuma ba a koma an duba ko hasashen yana nan daram ba.

9. Inda gardamar ta kai

Ɓangaren sauƙi bai taɓa mutuwa ba. BASIC, wanda Jon Kemeni da Tomas Kurz suka fitar a Kwalejin Datmos a 1964, bai nemi shelar mazubi ba, domin ɗalibin da ba na kimiyya ba ya samu shiga. Python na 1991 ma haka, kuma JavaScript na 1995 yana barin a zuba abu a sunan da ba a shelanta ba. Amma da shirye-shirye suka girma, sai aka soma komawa. JavaScript ya samu tsauraran sharuɗɗan da ke hana haka a 2009, ya kuma samu let da const a 2015. A wannan shekara ce Python ya ba da damar rubuta irin mazubi ga mai so.

Akwai kuma hanya ta uku wadda Robin Milna ya shimfiɗa a Jami'ar Edinbara, ya bayyana a 1978: mai rubutu ya shelanta suna, tafinta kuma ya gano irin abin daga yadda aka yi amfani da shi, ya ƙi duk abin da ya saɓa. Bambancinta da kirdadon FORTRAN shi ne ba ta duban harafin farko, aikin take bi, kuma ba ta buɗe mazubi don yatsa ya zame. Harshen Rust, wanda ya fito cikakke a 2015, ya bi wannan hanya, ya kuma juya tsohuwar al'ada: duk sunan da aka shelanta ba ya sauyawa sai an rubuta mut a gabansa, jeri kuma ana duba iyakarsa.

Su kansu sunayen sun samu walwala. Tsarin haruffan ASCII na 1963 bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, shi ya sa misalin da ya gabata ya zama KUDI. Tun daga Python 3 na 2008, da wasu harsuna irinsa, ɗalibi yana iya kiran mazubinsa kuɗi ko ƙidaya yadda ake rubuta su.

10. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa aikin tantance suna, da iri, da girma ba ya ɓacewa, sai dai a sauya wanda zai ɗauke shi. In mai rubutu bai ɗauka a farko ba, kuma tafinta bai ɗauka ba, to, wanda zai ɗauka shi ne mai karɓar albashi ko mai ajiya a banki. Ɗalibin da malami ya ce ya shelanta kowane mazubi, dalilin ke nan. Jami'in da za a kawo wa sabon shirin albashi ko na haraji kuwa, ko da bai iya rubuta layi ɗaya ba, yana da ikon tambaya: mene ne adadi mafi girma da wannan gurbi zai ɗauka, ina aka rubuta kason haraji, kuma me zai faru in ma'aikata suka wuce yawan da aka tanada? Akwai ma wata rana da ke jira. Tsofaffin na'urori masu bin tsarin Unix suna ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu, 1970, a cikin mazubin da iyakarsa 2,147,483,647, kuma zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. An riga an faɗaɗa shi a yawancin sababbin na'urori, saura waɗanda ke ɓoye a cikin tsofaffin injuna da ba wanda ya buɗe su tun ranar da aka girka su.